Kiɗan da Aka Sa wa Sanarwar Rasuwa

Idan ka taɓa jin an ce wata mata ta je gidan radiyo a nan Damagaram ta yi musu tas har gardi ya shigo yana ba ta haƙuri, to ni ce. Sunana Raliya, kuma a kan ƙanena Abdulmumin na je. Mumini muke ce masa a gida. Shekararsa talatin da takwas, matarsa Sakina, 'ya'yansu uku, sana'arsa gyaran radiyo da fanka a unguwar Zango.

Shagon nasa ɗan tsukuku ne tsakanin mai facin taya da mai shayi. In ka leƙa, fankoki ne marasa kai, da radiyoyin da masu su suka manta da su, da shi a tsakiya ya sunkuya. Ba ya yawan magana. In ka kawo fanka sai ya kunna, ya kara kunne, ya gaya maka ciwonta tun bai kwance ko ƙusa ɗaya ba. Tun yana yaro haka yake. Innarmu, Allah ya ji ƙanta, tana daka sai ya zauna gindin turmi baki buɗe, a kira shi sau uku bai ji ba. Na sha dungure masa kai a kan wannan.

Babanmu Malam Idirisu mai bugu ne. Shekara arba'in ya yi a mabuga a cikin Birni, shi da abokinsa Tanimu. Su zauna suna fuskantar juna, gungume a tsakaninsu, a shimfiɗa shaddar da aka wanke aka sa wa ƙaro, kowa da mabuginsa a hannu, wannan ya sauke wancan ya ɗaga, har shadda ta yi sheƙi. In salla ta matso, tun daga bakin lungu kake jin su. Da wannan bugun aka ciyar da mu, da shi aka kai mu lakwal, wato makarantar boko.

Mumini yana ɗan shekara sha bakwai wani malamin lise, wato sakandare, ya ba shi gitar da wuyanta ya karye. Ya ɗaure, ya manne, ya sa mata tsirkiya, ya rungumo ta zuwa gida yana washe baki. Baba yana zaure da mutane. Bai ɗaga murya ba, bai kuma fasa ta ba. Cewa ya yi, "Mu masu sana'a ne, ba mu gaji kiɗa ba. Abin nan ba zai ƙetare zauren nan ba, kuma kunnena ba zai ji shi ba." Shi ke nan. Wanda ya san Baba ya san in ya yi magana gaban mutane, ko shi kansa ba ya iya janye ta. Gitar ta koma gidan aboki, daga baya ta koma shago.

Shekara ashirin da ɗaya ke nan. Mumini bai taɓa neman a san shi ba, bai taɓa kiɗa a biki ba, bai taɓa wasa wani mai kuɗi ba. Abu ɗaya yake so, kuma ni na sani ko da bai faɗa ba: Baba ya zauna ya ji abin da hannunsa ya iya, ko sau ɗaya ne.

Tanimu ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Ba a daɗe ba kafaɗar Baba ta ƙi, ya bar mabuga ya dawo tabarmar zaure, shi da carbi da ɗan radiyonsa. A cikin wannan shekarar Mumini yana kwashe tarkacen shago ya ci karo da wani tsohon kaset. Ashe lokacin da yake koyon gyara ya taɓa gyara wata radiyo mai ɗaukar murya, ya je mabuga ya gwada ta, ya ɗauki su Baba suna aiki wajen rabin awa, ya jefa kaset ɗin a kwali ya manta. Sakina ta ce ranar da ya same shi bai ci abinci ba.

A kan wannan kaset ya gina aikin nasa, shekara uku cur. Ranar Juma'a da safe ba ya buɗe shago ga kowa. Sai ya shiga ya rufe, ya jingina katifa a ƙofa, ya rataya barguna a bango don kada ƙarar kabu-kabu ta shiga. A bazarar Damagaram fa! Mutum ya rufe kansa da bargo kuma ya kashe fanka, shi da yake gyara fankar mutane. Sakina ta nemi bargonta na aure ta rasa, sai a bangon shago ta gan shi. Yana da wata tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, da mai ita ya ce ta mutu, da batirin mota saboda in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, da wani akwatin gwangwani da ya haɗa da kayan cikin radiyo, wanda in ya taɓa tsirkiya ɗaya sai sautin ya yi ta tafiya yana dawowa ba ya ƙarewa. Ya je famfo ya ɗauki ƙarar jarkokin da babu ruwa a ciki suna gwaruwa a layi. Ya hau duwatsun Birni ya ɗauki iska. Har wata fanka mai lanƙwasasshen fiffike ya ƙi gyarawa wata biyu, wai kukanta yake so.

Ranar da ya gama ya kira ni shago ya sa mini abin ji a kunne. Na zauna. Shuuu, sai tsirkiya ɗaya, sai shuuu. Na gaji na cire na ce, "Mumini, yaushe za a fara?"

Ya ce, "Yaya, an fara tun minti biyar."

To, ni ma jahilar ce a ranar, ba zan ɓoye ba. Na mayar a kunne don kada ya ji kunya. Can ƙasa sai na ji bugu. Na san hannun nan ko a mafarki, na Baba ne, mai nauyi, sai na Tanimu yana amsa masa. Gitar ta fara hawa a kansu a hankali, ɗaya, biyu, har ban san ko nawa ba ne, abin ya yi ta cika yana cika kamar ruwan sama a kan kwano. Akwai inda Tanimu ya saki hannu ya yi tari ya ce, "Idi, dakata." Mumini bai goge wurin ba. Daga nan komai ya fara janyewa, aka bar mabugi biyu, sannan aka bar ɗaya. Minti sha huɗu. Na yi kuka har mai shayi ya leƙo yana tambaya ko lafiya.

Guda huɗu ya yi irin wannan, ya haɗa su ya sa musu suna Gungume. Babu waƙa a ciki, babu amshi, babu sunan kowa. Baba kuwa, ko da na ɗauko zancen da dabara, sai ya ce in miƙo masa buta.

Yanzu ka ji yadda gari ya karɓa. Mumini ya kai wa Mutari, mai tura wa mutane waƙoƙi a waya a bakin kasuwa. Mutari ya saurara, wallahi bai kai minti ɗaya ba, ya ce abin bai kwafu da kyau ba, a je a sake. Da aka ce masa haka yake, sai ya ce, "To wa aka wasa a ciki?" Aka ce ba kowa. Ya ce, "Ba a wasa kowa ba, ba a zagi kowa ba, ba a rawa. To me mutum zai yi da shi?" Har da ba da shawara, wai a ba wani mawaƙin biki ya ɗora murya a kai don kada wahalar ta tafi a banza. Aikin shekara uku!

Wani abokin Mumini ya sa aikin a intanet. Bayan wata biyu wani Bature ya yi dogon rubutu a kai, aka karanta mana. Wai sunan irin wannan kiɗa ambiyan, wai post-rok, oho, su suka sani. Ya yaba, ban ce bai yaba ba. Amma hoton raƙumi ya manna a sama, ya ce wannan kukan hamada ne, bugun da ake ji a ciki kuma gangunan yaƙi ne na zamanin da. Gangunan yaƙi! Ubana ne yake bugun shaddar wani Alhaji ana saura kwana uku salla. Raƙumin kuma ban san gidan uban wa ya gan shi ba. Mumini dariya kawai ya yi, ni kuwa ranar ko tuwo bai wuce mini ba.

Sai ya ɗauki aikin ya kai wani gidan radiyo mai zaman kansa a nan gari, ko za su sa a filin kiɗa. Direktansu, wani Sha'ibu, ya ce a bari za a duba. Sati ɗaya shiru, sati biyu shiru.

Gidan aurena yana bayan namu, don haka ni ke kai wa Baba abincin rana. Kullum ƙarfe biyu yana kunna radiyo ya ji sanarwar rasuwa, don ya san inda za a je gaisuwa. Ran nan na shigo zaure da kwano a hannu, sai na ji tsirkiyar nan. Na tsaya cak. Sai ga bugu. Kafin in yi murna sai murya ta hau kai: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Iyalan marigayi wane suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki..." Saura kaɗan miya ta zube a ƙafata. Na dubi Baba, fuskarsa ko motsi, yana jan carbi.

Daga ranar kullum ne. Ba su nemi izini ba, ba su taɓa faɗin sunan mai shi ba, amma gari ƙarami ne, Mutari ya baza. Kafin wata ya ƙare 'yan kabu-kabu in sun wuce shago sai su ce, "Mai kiɗan gawa, yau wa za a ɗauka?" Sakina ta je suna, wata ta ce mata ta gaya wa mijinta ya yi musu na masu rai. Wata tsohuwa ta ji shi a wayar jikanta ta dafe ƙirji tana tambaya wa ya rasu. Wata mata ma ta zo ta karɓe fankarta ba a gyara ba, wai jikinta bai ba ta ba. Kuma abin da ya fi ci mini rai, ubana yana da rai, yana zaune, ana karanta sunayen matattu a kan bugun hannunsa.

Na ce wa Mumini ya je ya hana. Ya ce, "Ƙyale su, Yaya." Na sake faɗa, ya sake cewa in ƙyale su. Na ce masa wannan ba haƙuri ba ne, sakarci ne. Wata huɗu ina haɗiyewa.

Ranar da ƙaramar 'yarsa ta dawo daga lakwal tana kuka an ce babanta yana kiran mutuwa, ban ko shawarci kowa ba. Na yafa mayafi na hau kabu-kabu. Sakatariya ta ce direkta yana taro, na ce to taron ya samu ƙarin mutum ɗaya, na tura ƙofar biro, wato ofishinsa.

Sha'ibu ya ce, "Hajiya, lafiya?"

Na ce, "Ba lafiya ba. Wa ya ba ku kiɗan ƙanena ku sa wa gawa?"

Ka san me mutumin nan ya ce mini? Ya gyara zama, yana murmushi, ya ce, "Haba Hajiya, ai karramawa ce. Da sarewa muke sawa, malamai suka yi ta ƙorafi wai ana kiɗa a kan mamaci. Tun da muka sa wannan ba wanda ya ce uffan. Kin ga ai shi ba kiɗa ba ne sosai."

Ba kiɗa ba ne sosai! Nan idona ya rufe. Na gaya masa shekara nawa aka yi ana yin sa, na gaya masa hannun wa ke ciki, da wanda ya mutu da wanda yake raye. Na ce in ba kiɗa ba ne ya shiga ɗaki ya rufe kansa da bargo a bazara ya yi mana irinsa. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba, don yanzu ina da surukai. Ma'aikata suka cika ƙofa, gardi ya shigo yana "Hajiya, don Allah." Sha'ibu ya ɗaga hannu biyu ya ce daga gobe an cire, kuma ko mu muka zo da roƙo ba za a sake sa shi a gidan ba. Na ce Allah ya sa haka.

Daga can shago na wuce, ina tafe ina jin kaina. Na ba Mumini labari tiryan-tiryan. Ina jira ya ce sannu. Sai ya ajiye ƙarfen dalma ya ce, "Yaya, har yanzu Baba yana kunna radiyo ƙarfe biyu?"

Na ce, "Kullum."

Ya ce, "To." Ya ɗauki ƙarfensa ya ci gaba da aiki. Na fita ina cewa a raina wannan yaro ba shi da godiya.

Washegari ƙarfe biyu aka karanta sanarwa, murya tsura, babu komai a ƙasa. Baba ya ɗauki radiyo ya girgiza, ya murɗa, ya ja eriya. Rana ta biyu haka. Rana ta uku ko rabin abincin bai ci ba, ya ce, "Raliya, radiyon nan ta lalace."

Na ce, "Lafiyarta ƙalau, Baba. Ni na je na hana su." Na kwashe duka na gaya masa, har da gardi.

Ya ture kwanon abincin gefe. Can ya ce, "Wa ya aike ki?"

Na ce, "Baba, mutuncinku fa na je karewa."

Ya ce, "Jin sanarwar rasuwa hakki ne a kan musulmi. Abin da suka ga dama suka sa a ƙarƙashinta, ba ni na sa ba, ba ni na nema ba." Ya ja carbi biyu uku, bai dube ni ba. "Ran da mamatan suka yi yawa, nakan kai har inda Tanimu ya yi tari. Sau biyu na kai wurin. Ban taɓa jin abin da ya biyo baya ba."

Sai a lokacin na gane. Wata huɗu tsohon nan yana zaune yana jin ɗansa kullum, ba tare da ya karya maganar da ya yi a zaure ba. Mumini ya sani, shi ya sa ya haɗiye "mai kiɗan gawa" ya yi shiru. Ni kuma na je da bakina na toshe ƙofa ɗaya tak da ke tsakaninsu.

Kunya ta kama ni, amma wallahi haushi ya fi ta. Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Na ce, "Baba, shekara ashirin da ɗaya! Yaron nan furfura ta fara fito masa. Yana can ana yi masa dariya a titi, 'yarsa tana kuka, ku kuna nan kuna jiran mutane su mutu da yawa don ku ji ɗanku? Ai ba rantsuwa kuka yi ba!"

Ya ce, "Magana na yi, gaban mutane."

Na ce, "Mutanen duk sun mutu, Baba. A radiyon nan kuka ji sanarwarsu."

Na ɗauka zai kore ni. Bai kore ni ba. Ya tura radiyon gabana da bayan hannu ya ce, "Ki ce wa mai gyaran radiyo ya zo ya duba ta. Wani abu ya ɓace a ciki."

Mumini ya zo washegari da ɗan akwatin aikinsa. Bai zo da gitar ba. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya kwance bayan radiyon da turnabis, abin kwance ƙusa, ya dasa wani ɗan abu mai ɗaukar katin memori irin na waya a ciki, ya fasa gefe ya sa maɓalli. Sau biyu ƙusa tana faɗuwa daga hannunsa, shi da ke gyara da ido rufe. Ya mayar ya ɗaure ya ce, "Baba, a gwada."

Baba ya danna da kansa. Ni ina bakin ƙofar cikin gida. Minti sha huɗu ba wanda ya yi tari sai Tanimu. Da aka wuce "Idi, dakata," na ga Baba ya daina jan carbi. Hannunsa na dama, mai ciwon kafaɗar, yana sauka a gwiwa yana tashi, daidai da nasa bugun, yana barin gurbin abokinsa. Da aka zo ƙarshe, inda mabugi ɗaya ya rage shi kaɗai, sai ya juya fuska bango ya daɗe a haka.

Mumini yana durƙushe yana jira. Ni ma ina jira. Kalma biyu fa, "ya yi," ita ke nan.

Baba ya share fuska da hannun riga ya ce, "Akwai sauran gyara. Ban gane inda yake ba tukuna. Gobe ka dawo."

Ka ji fa! Na buɗe baki zan yi magana, Mumini ya waiwayo ya dube ni, idonsa jawur, ya girgiza kai. Na rufe bakina, kuma wannan karon na rufe shi da kyau.

Wata bakwai ke nan. A gari har yanzu akwai masu ce masa mai kiɗan gawa, Mutari har yanzu yana cewa abin bai kwafu ba, kuma har yau Baba bai ce ya yi kyau ba. Ina jin haushin wannan, kuma zan ci gaba da ji. Amma kullum ƙarfe ɗaya da rabi Mumini yana rufe shago, ko da mai fanka yana tsaye, ya hau kabu-kabu zuwa Birni wurin Baba. Su ji sanarwar rasuwa tare, sannan Baba ya danna maɓalli su nemi gyaran. Yana zuwa da turnabis a aljihun gaba, kuma tun ranar farko bai sake fito da shi ba.